Wuri: dodon koɗin teku da ɓawonsa ya zama kuɗi har bakin Komadugu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Difa ko ta Tumur ya san wuri. Ana ganin sa a tabarmar masu sayar da magungunan gargajiya, kusa da saiwoyi da layu. Ana ganin sa a kitson matan Woɗaaɓe da jakunkunan samarinsu, da ɗamarar ƴan kokowa, wani lokaci har a wuyan jarirai. Amma in ka tambayi mutane daga ina wuri yake fitowa, kowa da amsarsa. Wani zai ce dutse ne, wani ya ce masunta ke tsamo shi a tafkin Cadi, wani kuma ya ce ƙera shi ake yi.

Gaskiyar magana, wuri ɓawon wata ƴar dabba ce mai rai, dangin dodon koɗi, wadda ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri mai ɗumi. Ba za ta iya zama a Komadugu ko a tafkin Cadi ba. Daga Difa zuwa teku mafi kusa akwai sama da kilomita 1,000, kuma ko a wannan tekun ba a samun irin wurin da kakanninmu suka kashe. Mafi yawansa ya fito ne daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya, sama da kilomita 6,000 daga nan. Yadda ɓawon yake, da kuma nisan inda dabbar ke zama, su ne suka sa wuri ya zama kuɗi a ƙasarmu.

Sunansa

A Hausa ana cewa wuri in ɗaya ne, jam'insa kuma shi ne kuɗi. Wato kalmar da muke faɗa kullum a kasuwa da banki, asalinta sunan wannan ɓawo ne. Ba Hausa kaɗai ba: kunguna ta Barebari, da ceede ta Fulani, da nooru ta Zabarmawa, duk sunan wuri ne da ya koma sunan kuɗi. Larabawa na ce masa wada'u. Faransawa na ce masa cauri, kalmar da Turawa suka aro daga harsunan Indiya. A Faransanci kuma ana kiran dangin wuri gaba ɗaya porcelaine, kuma daga santsin ɓawonsu ne tangaran ɗin ƙasar Sin ya samo wannan suna a Turai.

Masana halittu sun sa wuri a cikin dangin Cypraeidae, mai iri sama da 200. Biyu daga cikinsu ne suka shafe mu. Na farko shi ne Monetaria moneta, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linné, ya rubuta bayaninsa a 1758, ya kuma laƙaba masa kalmar Latin mai nufin kuɗi. Na biyu shi ne Monetaria annulus, mai zobe a baya. Duka biyun ana samun su a kasuwanninmu, sau da yawa a gauraye cikin tsibi ɗaya.

Yadda ɓawon yake

Wuri ƙarami ne. Galibinsa daga santimita 1.5 zuwa 3 yake, da wuya a ga wanda ya kai 4. Bayansa a ƙumbure yake kamar rabin ƙwai, cikinsa kuma a shafe. A tsakiyar cikin akwai tsaga doguwa, siririya, daga wannan baki zuwa wancan, leɓɓanta biyu ɗauke da ƴan haƙora goma da ɗoriya kowanne. Ta wannan tsaga ce dabbar ke fitowa ta kuma koma.

Monetaria moneta yana da kauri a gefuna, da ƴan ƙulle-ƙulle da ke sa shi ya yi kusurwa-kusurwa. Sabon fitowa daga ruwa launinsa rawaya-rawaya ne ko kore-kore mai haske, wani da ratsi masu ɗan duhu a gicciye. Farin da muka san shi da shi, rana ce da yawan juyawa a hannu suka koɗar da shi. Shi kuwa Monetaria annulus ya fi zagaye da sulɓi, bayansa toka-toka ne mai ɗan shuɗi, da zobe ruwan lemo a kewaye. In aka goge bayan wuri ko aka fasa shi, akan ga launin shuni-shuni daga ciki.

Sinadarin ɓawon iri ɗaya ne da na ɓawon ƙwai da alli, sai dai a wuri an jera shi hawa-hawa, a matse, shi ya sa yake da tauri haka. Dabbar ce da kanta ke gina shi, da abin da take tacewa daga ruwan teku da abincinta. Wata fata ce mai laushi, wadda za mu iya kira mayafi, ke wannan aiki. A yawancin sauran dodon koɗi mayafin a ciki yake tsayawa, yana ƙara gini a bakin ɓawo kawai, shi ya sa bayan katantanwa ke da kaushi. A wuri kuwa mayafin na fitowa ta hagu da dama, ya hau bayan ɓawon ya lulluɓe shi, gefunan biyu su haɗu a sama. Duk lokacin da ya rufe shi sai ya ƙara masa wani shafe siriri, ya kuma hana gansakuka da ƙananan halittu mannewa. Ƙyallin wuri daga nan yake, ba wanda ya goge shi da hannu. Mayafin Monetaria moneta yana da zane baƙi da fari-fari kamar zanen yatsa, da ƴan tsiro-tsiro masu laushi. Wanda ya ga dabbar tana kiwo a ruwa ba lalle ya gane wuri ba ne, sai ya taɓa ta, ta janye mayafin cikin tsagar, farin ɓawon ya bayyana.

Akwai tambayar da yara kan yi: in wuri dodon koɗi ne, ina murɗin da ake gani a katantanwa? Murɗin na nan, a ɓoye yake. Ɗan wuri yana farawa ne da ɓawo siriri, mai murɗi da faɗin baki kamar na kowane dodon koɗi. In ya kusa balaga sai zagayen ƙarshe ya girma ya rufe na baya duka, leɓen waje ya lanƙwasa ciki, bakin ya tsuke ya zama tsaga, haƙora su fito. Daga nan tsawon ɓawon ya tsaya ke nan, sai dai kauri ya yi ta ƙaruwa. Wannan ne ya sa manyan wuri na iri ɗaya ba su cika bambanta sosai a girma ba. Wanda ya duba cikin wurin da aka yanke wa baya zai ga sauran murɗin a naɗe.

Tsagar nan kariya ce. Yawancin dodon koɗi na da marfi da suke toshe baki da shi in sun ji haɗari, amma babban wuri ba shi da marfi. Ƙuncin bakin da haƙoransa ne ke hana ƙaguwa zura hannu, santsin bayan kuma na sa ya zame wa mai son kama shi. Duk da haka ƙaguwa masu ƙarfi da wasu kifaye na fasa shi su cinye.

Inda yake zama

Monetaria moneta na zaune a yankin zafi na tekun Indiya da na Fasifik: daga gabar Afirka ta Gabas da Bahar Maliya, zuwa Maldib da Indiya da Filifin da arewacin Ostireliya, har tsibiran Hawai da Galapagos. Babu shi a tekun Atlantika. Gabar Afirka ta Yamma na da nata dangin wuri, amma ba su da yawa irin haka, kuma ba su ne suka zama kuɗin kasuwa ba.

Ba dabbar zurfi ba ce. Teku na cikowa ya janye sau biyu a yini a yawancin gaɓoɓi, kuma wuri ya fi son wannan fili da ruwa ke rufewa ya buɗe, da ƴan tafkunan da ke saura tsakanin duwatsu in ruwa ya janye. Ana samun sa a kan shimfiɗar duwatsun murjani, da ƙarƙashin ɓaraguzansu, da cikin ciyawar teku, inda sau da yawa ruwan bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Da rana yakan ɓuya a ƙarƙashin dutse ko cikin rami, da dare ya fito kiwo. Abincinsa galibi gansakukar da ke manne a duwatsu ce, wadda yake kankarewa da harshensa mai ƙananan haƙora kamar magagari.

Akwai mace akwai namiji. Macen na saka ƙwai cikin ƴan jakunkuna da take liƙawa a jikin dutse, sannan ta zauna a kansu ta rufe su da tafin jikinta har su ƙyanƙyashe, kamar yadda kaza ke kwanci. Ƴaƴan da ke fitowa ƙanana ne ƙwarai, ido bai cika ganin su ba. Sukan yi ta yawo a ruwa, igiyar teku na ɗaukar su, kafin su sauka ƙasa su fara rarrafe. Wannan yawo ne ya baza irin a faɗin tekuna biyu.

Tsibiran Maldib sun dace da wuri fiye da ko'ina. Tsibirai ne kusan 1,200, dukansu na murjani, a jere cikin zobba 26. Kowane zobe na kewaye da ruwa marar zurfi, mai ɗumi duk shekara, wanda duwatsun murjani suka kare daga haukar teku. Mutanen can sun gano hanya mai sauƙi ta kama shi tun da daɗewa. Sai su jefa rassan kwakwa a ruwa su bar su, wuri ya hau ya manne. Bayan wani lokaci a jawo rassan tudu, a shanya a rana dabbar ta mutu, a binne cikin rairayi naman ya ruɓe, sannan a tone a wanke. Marubutan Larabawa irin su Mas'udi sun ba da labarin wannan dabara tun ƙarni na 10. Wani Bafaranshe mai suna François Pyrard, wanda jirginsu ya fashe a can a 1602 ya zauna har 1607, ya ce ya ga jirage 30 zuwa 40 na tashi a shekara ba su ɗauke da komai sai wuri, an ɗaure shi 12,000 a kowane ƙunshi na ganyen kwakwa.

Abin da ya sa ya zama kuɗi

Kowane hali na ɓawon ya yi wa ƴan kasuwa amfani. Ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa, ba ya saurin fashewa ko an zuba shi a buhu an ɗora wa raƙumi. Girmansa kusan ɗaya ne, saboda haka ana iya ƙirga shi, ana iya auna shi da mudu ko da ma'auni. Maƙeri na iya gauraya azurfa da dalma ya cuci mutane, amma a wancan zamani ba wanda ya iya ƙera wuri. Darajarsa kaɗan ce, don haka talaka na iya sayen goro ɗaya ko ƙullin gishiri da shi. Babban dalilin kuwa shi ne nisa. Da a bakin Komadugu ake tsintar sa, da ba wanda zai ba da hatsinsa don shi.

Ibn Batuta ya ga wannan da idonsa. Ya zauna a Maldib a 1343 zuwa 1344, har ya yi alƙalanci, ya ce a can ana sayar da wuri 400,000 a dinarin zinariya ɗaya, wani lokaci ma ya fi haka araha. Da ya zo Mali da Gawo a 1352 zuwa 1353, kafin ya bi ta Takadda a ƙasar Agadas ta yau, sai ya tarar da wuri 1,150 ne a dinari ɗaya. Ribar da ke tsakanin waɗannan farashi biyu ita ce ta ciyar da masu jirage da masu ayari.

Hanyoyin da ya biyo

Hanyar farko ta hamada ce. Wuri kan bi ta Bahar Maliya da Masar da Afirka ta Arewa, sannan ayari su ƙetaro Sahara da shi. A 1964 masanin nan Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a Ma'adin Ijafen, cikin hamadar Muritaniya: sandunan tagulla sama da 2,000 da tarin wuri, waɗanda bincike ya nuna sun kai ƙarni na 11 ko na 12. A ƙarni na 14 marubucin nan Al-Umari ya ambaci wuri cikin abubuwan da ake ciniki da su a Kanem, ko da yake ya ce da ƙyallen saƙi ake ƙiyasta darajar komai a can.

Hanya ta biyu ta teku ce, kuma tarihinta ba mai daɗi ba ne. Tun wajen 1515 Turawan Fotugal suka fara kawo wuri gabar Afirka ta Yamma, daga baya na Holan da Ingila suka karɓe cinikin. Sukan saye shi a Bangal da Silon, su zuba shi a gindin jirgi don ya ba shi nauyi, su kai Amsterdam da Landan a yi gwanjonsa, sannan a sake lodinsa zuwa Wida da sauran tashoshin gaba. Abin da aka fi saye da shi a can bayi ne. Masana tarihi biyu, Jan Hogendorn da Marion Johnson, a littafinsu na 1986 a kan wuri da cinikin bayi, sun ƙiyasta cewa tsakanin 1700 da 1790 Holan da Ingila kaɗai sun yi jigilar sama da tan 11,000, wato wuri kimanin miliyar 10.

Daga gabar teku wuri ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 ya riga ya zama kuɗin kowa daga Sakkwato har Damagaram. A bakin teku shirya shi ake yi a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse ake ƙirga shi, biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa a farkon 1851, aikin da sai da mutum biyar ko shida suka taru a kansa. Wuri 20,000 ake ɗinkewa a keso ɗaya. Da yake kusan 900 ne ke cika kilo, keso ɗaya ya haura kilo 20.

Zuwansa ƙasar Barno

Kwarin Komadugu ƙasar Barno ce, kuma Barno ta daɗe ba ta karɓi wuri ba. Turawan Ingila Denham da Clapperton, da suka iso Kukawa a 1823, sun tarar da gabaga ake ciniki da ita, wato ƙyallen saƙi siriri na auduga. Sai wajen 1848, a zamanin Shehu Umar, aka mai da wuri kuɗin kasuwa, kuma wazirinsa Alhaji Bashir ne aka fi danganta wannan mataki da shi. An ɗora sabon kuɗin a kan tsohon lissafi: wuri 8 gabaga ɗaya, gabaga 4 kuma ratal ɗaya, wato wuri 32. Shi kansa ratal tsohon ma'aunin tagulla ne da sunansa ya saura bayan an daina kashe tagullar.

Barth ya iso Kukawa a watan Afrilu na 1851, sabon tsarin bai daɗe da farawa ba. Ya ƙetare Komadugu a garin Yo a kan hanyarsa ta zuwa Kanem, sannan a ƙarshen 1852 ya bi kwarin ya yi yamma, ta kufan Birnin Gazargamu da ƙasar Manga da Muniyo, har Damagaram. Wannan ita ce hanyar da wuri ya biyo daga yamma, tare da fataken Kano masu zuwa sayen kanwa da gishirin Manga da busasshen kifi. A zamanin Barth, gurus ɗaya, wato azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wuri 2,500 ne a Kano. Da Gustav Nachtigal ya zo Kukawa a 1870, ya tarar da shi a kimanin wuri 4,000.

Faɗuwar darajarsa

Wuri mai zobe ne ya karya kasuwar. A 1845 wani ɗan kasuwar Hamburg, Adolph Jakob Hertz, ya gwada kawo Monetaria annulus daga Zanzibar, inda yake da yawa kuma da araha. Mutanen gabar yamma suka karɓa. Nan da nan kamfanonin Hamburg da na Marsai suka shiga kwararo dubban tan, suna sayen manja da shi. Kuɗi suka yi yawa, kaya ba su ƙaru ba, farashi ya tashi. A shekarun 1890 gurus ɗaya ya kai kimanin wuri 5,000 a Kano. Ga shi kuma sabon wurin ya fi na Maldib nauyi. Wani Baturen Ingila, Charles Robinson, da ya zo Kano a wannan lokaci, ya ba da labarin yadda ya rasa yadda zai sayar da dokinsa a hanya, don ladan ƴan dakon da za su ɗauki kuɗin zai cinye kuɗin duka.

Turawan mulkin mallaka ne suka ƙarasa shi. Ingila ta hana shigo da wuri Najeriya a 1904, Faransa ma a farkon ƙarni na 20 ta daina karɓar sa a haraji, ta ce sai tamma. Duk da haka ya ci gaba da yawo a ƙananan kasuwanni shekaru da dama, don ba a samu ƙaramin kuɗin da zai maye gurbinsa wajen sayen ɗan abin miya ba. Sefa da muke kashewa an ƙirƙiro ta ne a Disamban 1945. Sunan wuri bai ɓace ba: sidi na ƙasar Gana daga sunansa yake a harshen Akan, Gine kuma ta taɓa kiran ƙaramin kuɗinta kori.

Kada a haɗa shi da katantanwar kogi

Komadugu da tafkin Cadi suna da nasu dodon koɗi, kuma duk na ruwan daɗi ne. Kogin na tasowa ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya raba Nijar da Najeriya na tsawon kusan kilomita 150, ya zuba a tafki wajen Boso. In ruwa ya janye bayan sanyi, ana ganin ɓawo iri-iri a laka: dogo mai tsini kamar ƙusa, da mai ƙumburi irin wanda yara ke murzawa ya yi juyi, da ƙumba mai ɓari biyu. Masanin Faransa Christian Lévêque ya yi nazarinsu a tafkin Cadi a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970. Ɓawon da ake tsinta a rairayi nesa da ruwa, a arewacin jihar Difa, shi ma na ruwan daɗi ne: saura ne daga zamanin da tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000, shekaru 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce. Ɓawon teku na asali da ke cikin ƙasar Nijar ana samun sa ne a wurare irin su duwatsun Adar da Damargu, inda teku ya taɓa malala shekaru miliyoyi da suka shuɗe, kuma ya riga ya zama dutse. Irin wannan dutse ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza.

Bambancewar na da amfani ga lafiya. Wuri ba ya ɗauke da wata cuta da ta shafe mu, amma wasu ƙananan dodon koɗin ruwan daɗi su ne masaukin tsutsar tsargiya. Wanda ake kira Bulinus shi ke yaɗa tsargiyar fitsarin jini. Bai cika wuce santimita ɗaya da ɗan abu ba, ɓawonsa siriri ne, kuma in ka riƙe shi tsininsa na sama, bakinsa na kallon ka, bakin zai faɗo a hagu. Wani kuma, Biomphalaria, a shafe yake kamar faifai, shi ke yaɗa ta hanji. Suna son ruwa mai kwanciya da ciyawa: tafkunan da ambaliya ke bari, da hanyoyin ban ruwa na gonakin tattasai da shinkafa. Tsutsar na fita daga jikinsu ta shiga fatar mai wanka ko mai wanki ko mai kamun kifi, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana. Yaron da ke fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantun Nijar tun 2004, ana kuma samun sa a gidajen likita.

Wuri a yau

Wurin da ke kasuwanninmu yanzu kashi uku ne. Akwai tsoho, wanda ya yi fari fat ko ya yi ruwan ƙasa, haƙoransa sun cinye saboda daɗewa a hannu, irin wanda ake gada ko a tono a tukunya a tsohon kufai. Akwai sabo, mai ƙyalli, da ƴan kasuwa ke shigowa da shi don ado, galibi an riga an yanke masa baya don a ji daɗin ɗinka shi a fata ko a kitso. Masu duba da masu caca ma irin yankakken nan suke so, don yana iya faɗuwa ta ciki ko ta baya in an watsa shi. Na uku na roba ne. Gane shi ba wuya: na roba ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a tafin hannu, yakan nuna layin da aka haɗa shi, kuma in an kaɗa shi da ƴan uwansa ƙararsa a dushe take. Na gaske in an ɗiga masa ruwan tsami mai ƙarfi yakan yi ƴar kumfa, sai dai hakan na cin ƙyallinsa. Masu rataya wa jarirai wuri su lura da zaren, don in ya tsinke ƙwaya ɗaya ta isa ta shaƙe yaro.

A can gidansa kuwa, wuri na nan da yawa har yanzu, ba ya cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Mazauninsa ne ke cikin matsala. Ɗumamar ruwan teku ta kashe murjani mai yawa a Maldib a 1998, ta sake yin ɓarna a 2016. Hayaƙin da duniya ke fitarwa na ƙara wa ruwan teku tsami, abin da ke wahalar da duk dabbar da ke gina ɓawo. Tsibiran kansu, a matsakaici, ba su fi mita ɗaya da rabi a saman teku ba. Mutanen Maldib na tsoron ruwa ya cinye ƙasarsu, mutanen Boso da Gigime kuwa sun ga tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja da baya ya bar su a tudu.